Ɗigon Jan Farce a Wayar Inna

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, yayana ya tafi cin rani tun ba a gama kakar ba, in ma za a kira abin kaka. Soja na kan mulki, iyaka a rufe, sai ya bi ta daji bayan garin Ɗan Barto ya nufi Kano. Kafin ya tafi ya bar wa Inna tsohuwar wayarsa ta shafa.

Inna ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatu ba, kuma ba ta son a riƙe mata abu. Sai ya ɗauko jan farcena, ko tambayata bai yi ba, ya ɗiga uku a kan gilashin.

"Inna, ki taɓa wannan, sannan wannan, sannan wannan. Za ki ji ni."

Haka kuwa aka yi. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta bi ɗigon nan, muryarsa ta cika ɗaki: yana dako a kasuwa, tuwon can ba daɗi, a gaida akuya. Mu sha dariya, ko da ba a ɗora tukunya ba ranar.

Sai saƙo ya daina zuwa. Lambarsa ta daina shiga. Masu dawowa daga Kano kowa da nasa zancen, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya yi kudu. Inna kuwa tsofaffin saƙonnin take ta maimaitawa har ta haddace inda yake tari.

Wuta ba ta zama lokacin, don haka wajen mai caji na bakin tasha nake kai wayar. Wata Juma'a na karɓo ta na ga ta sake fuska. Abubuwan da ke sama sun koma ƙasa, koren nan da saƙonninsa ke ciki ya tsallake gefe, komai ya yi sumul.

"Ita ta sabunta kanta da ta samu rezo," in ji mai caji, wato sabis yake nufi. "Ai ta fi kyau yanzu, 'yammata."

Kyau! Wa ya roƙe su kyau? Wani yana can cikin sanyi ya ga dama ya kwashe kayan ɗakin tsohuwa ya sake jera su, bai ko yi sallama ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na ajiye wayar da niyyar goge ɗigon in sake wasu, na tafi layin ruwa. Inna ta riga ni. Ta taɓa na farko, shiru. Ta danne shi da ƙarfi, wani rubutu na Faransanci ya fito yana tambayarta, ta bi na biyu da na uku yadda ɗanta ya koya mata. Abin da ke ƙarƙashinsu yanzu na gogewa ne.

Na ruga da ita wajen mai caji, ya juya wayar, ya sake sa koren, ya buɗe. Babu komai a ciki, ko gaisuwar akuyar.

Inna ba ta yi kuka ba, ni na yi. Na kawo tsumma zan goge jan farcen ta riƙe hannuna.

"Bar shi. Shi ya sa da hannunsa."

Washegari da asuba na ji ta daga shimfiɗata tana ƙwanƙwasa gilashin da farce, tana jira, tana sakewa.