Wayar Injiniya da Saukar Hajiya

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ranar walimar saukar Alƙur'anin mahaifiyata ba za ta bi sahu ba. Ba girkin da aka yi ne ya sa ba, ba kuma yawan jama'a ba. Wata waya ce da maigidana ya haɗa da hannunsa mai albarka.

Shi dai maigidan nawa ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa biro da takarda. Amma tun da ya sayo ɗan ƙarfen narka dalma, duk wani abu mai aiki da lantarki a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya shiga uku. Fankar falo ta koma juyawa da baya, dutsen guga ya koma sai an jijjiga shi yake yin zafi. Na raɗa masa suna Injiniya don tsokana, bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu, har yana amsawa.

Hajiya kuwa sai da ta aurar da autarmu sannan ta shiga Islamiyyar matan aure a Unguwar Gano. Ta yi shekaru tana zama cikin sa'o'in 'ya'yanta har Allah ya nufa ta sauke. Mace ce mai siririyar murya da yawan kunya. Da malamarsu ta ce dole ta yi karatu a gaban mata ranar walima, sai ta ja ni ɗaki ta riƙe hannuna.

"Ke 'yar nan, abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Kada a yi min dariya da furfurata."

Na ce, "Haba Hajiya, wa zai yi miki dariya? Lasifika ma za a kawo, kowa ya ji ki tas."

Da na san abin da bakina ya jawo, da na yi shiru.

Na ce wa Injiniya a ɗauko masu ba da hayar kayan sauti. Ya dube ni kamar na zage shi. "Ina raye a garin nan za a kira wani?" Yana da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da makirfo, matsalar ɗaya ce: walimar mata ce, kuma shi suruki ne, ba shi da ƙafar shiga tsakar gidan Hajiya. Dole ya zauna a soro da na'urarsa, waya ta bi doguwar hanya har inda mata suke. Wayar makirfon kuwa ba ta fi tsawon ɗankwali biyu ba.

Ya je Zoo Road ya sayo nannaɗen wayar da ake jan ƙwan lantarki da ita. Da ya yanke ta asalin don ya yi ƙari, na ga wata raga ta tagulla lulluɓe da 'yar wayar ciki, na ce taka fa ba ta da wannan. Ya ce, "Garkuwa ke nan, ita ke tare hayaniya. Ni ma zan yi mata tawa." Sai ga shi a kicin ya kwashe takardar azurfar da nake gasa kifi da ita. Ya naɗe wayar kaf, ya bi ta da salatif, ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Ya tara ta a tsakiyar falo, ya gyara murya ya ce gwaji, gwaji. Na ce ina jin kukan sauro a ciki. Ya ce kunnena ne.

Ranar walima aka ɗauke wuta, kamar yadda kowa ya sani za a ɗauke, ban da Injiniya. Aka tayar da janareto. Da yake mutum ne mai son tsari, ya haɗa wayarsa da ta janareton ya ɗaure su tare, ya bi da su ta kan katanga, wai kada baƙi su yi tuntuɓe.

Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Hajiya ta zauna a kan darduma cikin farin hijabi. Ta yi a'uziyya, lasifika ta amsa da gurnani kamar injin markaɗe. Ta daure ta yi bisimilla. Can ƙarƙashin gurnanin sai muka ji muryar namiji. Ashe doguwar wayar nan ta zama eriya, ta kamo wani gidan rediyo.

Shi kuwa daga soro ya ji muryar Hajiya ta yi ƙasa, sai ya taimaka mata, ya murɗa sauti har ƙarshe. Nan take wani mai maganin gargajiya ya cika gidan: "Ina mai fama da basir, mai tsiro ko mai jini? Kwalba ɗaya ta ishe ka!"

Wata ta fara tuntsirewa da dariya cikin mayafi, sauran suka kama. Har malamar ta sunkuyar da kai kafaɗunta na motsi. Na dubi Hajiya, na ga ta rufe Alƙur'anin, idonta ya kawo ruwa. Wallahi ban taɓa jin zuciyata ta yi zafi irin na lokacin ba. Abu ɗaya matar nan ta roƙe ni.

Na tsallake ƙafafun mutane na ruga soro. Na tarar da shi ya harɗe, yana murmushi. "Kin ji ƙarfi ko?" Na fizge wayar daga jikin na'urar, na kashe janareton.

Da na dawo, gidan ya yi tsit, kowa ta sha jinin jikinta. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ko a aika a ɗauko wata na'urar?"

Ta share ido da gefen hijabi, ta ture makirfon gefe. "Bar shi. Wanda nake karanta wa yana ji."

Ta buɗe ta fara Baƙara da 'yar muryarta. Mata suka riƙa jan jiki suna matsowa, har na baya suka miƙe tsaye don kada harafi ya wuce su. Ba ta yi gargada ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka fi kowa dariya su suka fi kowa kuka.

Bayan kwana biyu Injiniya ya gama bincike, ya zaunar da ni ya yi min lacca. Wai garkuwa sai an liƙa ta da dalma a jikin ƙarfen kan wayar take aiki, tasa kuwa ba ta haɗu da komai ba, kuma ba a jera wayar murya da ta wuta. Na ce Allah ya ƙara ilimi, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ya daɗe yana kauce wa layin su Hajiya, ita kuwa duk sanda na je sai ta ce, "Ya mai maganin namu?"

Abin da na koya shi ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ba a gwajin hannu a ranar da mutuncin wani ke kan layi ɗaya da wayarka. Wayar tana nan har yau, kuma ban ga laifinta ba. A kanta nake shanya.