Inna Mai Goge Ɗakin Tsofaffi

Kafin nas ɗin safe su karɓi aiki, Inna ta riga ta cika bokitinta. Da banɗaki take farawa, sannan ta bi ƙarfen gadaje da hannun ƙofa da tsumma, tana gaida marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan Baba, wancan Kawu, har da waɗanda ta girma. Shekara da shekaru ke nan tana goge ɗakin tsofaffi maza na asibitin, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Abokan aikinta ba sa manta lokacin da cutar amai da gudawa, wadda likitoci ke kira norobairos, ta faɗo ɗakin. Mutum ɗaya ya fara da safe, kafin yamma ta bi gadaje. Aka hana 'yan dubiya shiga, aka daina karɓar sababbin marasa lafiya, su kansu nas ɗin ta kwantar da kusan rabinsu. Aiki ya yi wa Inna yawa. Tana gama wanke nan da bilic mai kashe ƙwayoyin cuta za a kira ta can, ga zannuwan gado sun taru, ga yatsunta sun tsattsage saboda sabulu. Babbar nas ta ce har korarta ta riƙa yi ta je ta ci abinci.

Akwai wani tsohon tela a gadon bakin taga. Tun da ya ɓata shimfiɗarsa a gaban mutane, kunya ta sa ya daina shan ruwa, wai don kada a maimaita. Leɓɓansa suka bushe, an yi lallashin duniya ya juya wa kowa baya. Inna ta ja labule, ta taya nas canja masa zanin gado, sannan ta durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, don wannan aikin aka ɗauke ni. In ka daina ɓatawa, me zan wanke? So kake a sallame ni?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya karɓi kofin ruwan gishiri da sukari daga hannun nas ya shanye.

A makon ne kuma 'yar Inna ta haihu, jikarta ta fari. Inna ta je gidan, amma ta toge a bakin ƙofa, don tana tsoron abin da ta kwaso daga asibiti. 'Yar ta roƙe ta ta shigo ko da taɓa jaririyar ta yi. Inna ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ɗaga min ita daga nan, na gan ta."

Ba kowa ne ya tashi ba. Wani dattijo wanda da ma jikinsa ya yi rauni ya cika, Inna ta wanke gadonsa tana hawaye. Daga baya cutar ta kama ta ita ma. Ranar da aka sallami telan, ɗansa ya nemi a nuna masa matar da ta sa mahaifinsa ya sha ruwa, aka ce masa tana gida a kwance. Sai da ta warke sarai, aka sake buɗe ɗakin tsofaffin ga 'yan dubiya, sannan ta ɗauki jikarta.

Inna, ke ce kika shiga inda kowa ke toshe hanci, kika fito ba ki tona asirin kowa ba. Ke ce kika suturta iyayen wasu kamar naki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar ki da jikokinki.

Mu kuma da muka rage, in an ce mu wanke hannu da sabulu a ƙofar ɗakin marasa lafiya, mu wanke, in muna amai mu haƙura da dubiya. Idan kuma muka tarar da wata ta sunkuya tana goge ƙasa, kada mu tsallake ta mu wuce. Mu tsaya mu ce mata sannu da aiki.