Mitar Motar Baba Seidu

Ba na jin zan manta da ranar da muka share wa wani dattijo tafiyar shekara goma sha takwas daga motarsa, muna ganin alheri muka yi masa. Lokacin ina shekarata ta biyu a jami'a. Da safe ina aji, da rana in hau bas daga unguwar International City zuwa Al Qusais a Dubai, inda nake aikin wucin gadi a wani fili da ake tura tsofaffin motoci Afirka ta Yamma. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuka shigo aikin bayana.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake tafiya. Idan an kawo mota, akawu ne yake fara karɓarta, ya duba lambar da ke jikin ƙarfenta ya gwada da ta takardu. Ni ne akawun. Daga nan a wanke ta, makanike ya duba inji, ɗan rewaya ya duba lantarki, a soke rajistarta ta Dubai a karɓo izinin fita da ita. Sai masu lodi su shigar da ita kwantena. Mota huɗu ake cusawa a babbar kwantena guda, biyu a ƙasa, biyu a rataye a kan katako da sarƙa. Bisa kanmu duka akwai manaja, Oga Habu, mutumin Kano, wanda ya fi shekara ashirin a wannan harka.

Akwai kuma wani aiki da ba a rubuta shi ko'ina, wato juya mita. Motocin Dubai suna cin hanya ƙwarai, shi kuwa mai saye a Kano ko Kwatano ko Kumasi, abin da yake fara leƙawa shi ne lambar kilomita da ke gaban sitiyari. Saboda haka dillalai suke so a rage ta. Doka ba ta yarda da wannan ba, kowa a filin ya sani. Amma ɗan rewayarmu, Ilya, mutumin Maraɗi, yana yi wa duk motar da za a tura da ƙaramar kwamfutarsa, ba tare da an ce masa ya yi ba, kamar yadda mai wanki ba ya jiran a ce ya wanke taya.

Cikin watan Yuli Baba Seidu ya kawo motarsa. Mutumin Zongon Kumasi ne, direban wani gidan Larabawa, yana kwana a ɗakin haɗaka a unguwar Satwa. Maigidan ya rasu, 'ya'yansa suka sallami Baba Seidu cikin mutunci, suka ba shi motar da yake tuƙa mahaifinsu a ciki. Bizarsa ta kusa ƙarewa, zai koma gida gaba ɗaya. Farar jif ce ta babban kamfanin Japan ɗin nan da tambarinsa yake gaban yawancin tasin garin. Fentinta ya dushe, fatar kujerar direba ta tsattsage, amma da ya tayar da ita a gabana sai da na matsa kusa kafin na ji ƙarar injin.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma a filin an san ni da haka. Baba Seidu ne ya ja ni hira yana jiran in gama takardunsa. Ya ga littafi a gefen teburina, ya tambaye ni na mene ne. Na ce na wani darasinmu ne a kan yadda ake tsara masana'antu, kuma kusan rabinsa labarin kamfanin da ya ƙera motarsa ne.

"To, faɗa mani, ɗana. Shekara goma sha takwas ina zaune a cikin abinsu, ban san su ba."

Na faɗa masa abin da na karanta. Asalin gidan ba maƙera mota ba ne, injin saƙa suke yi. Wanda ya kafa gidan ya ƙera injin da yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada a ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Ɗansa ne ya juya zuwa mota. Bayan yaƙin duniya sun sha wahala har kamfanin ya kusa rufewa. Irin wannan jif ɗin kuwa don hanyoyi marasa kwalta aka fara yin ta, shi ya sa ta samu karɓuwa a hamadar Larabawa da ƙasashenmu tun kafin ta samu a manyan biranen Turai.

Ya jinjina kai. "Ashe masaƙa ne," in ji shi. Daga nan ya ba ni nasa labarin. Ya kai ta Makka da maigidan ba sau ɗaya ba, ya kai ta Salala lokacin damina. Lagireto ya taɓa canzawa, da kwampreson sanyi, da abin da ba a rasa ba na ƙafa. Injin kuwa ba a taɓa buɗe shi ba. Sau ɗaya ta taɓa tsayawa da shi a hanya, shi ma ya ce laifin mai ne da aka zuba masa a wani ƙauye. Bai yi mani maganar mita ba, ni ma ban tambaya ba, don ba ta cikin abin da akawu yake dubawa.

Ranar Alhamis ta mako na gaba aka yi lodi. Motarsa aka fara shigarwa can ƙuryar kwantenar, aka rataye wata ƙarama a saman hancinta, aka biyo da wasu biyu na wani dillali. Da la'asar za a rufe a sa hatimi, babbar mota ta ja ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Idan kwantena ta wuce lokacin da tashar ta yanke, jirgin ya tafi ya bar ta, sai ta jira na gaba.

Bayan azahar Baba Seidu ya zo yi mana sallama, da ledar dabino a hannu. Oga Habu ya tare shi da fara'a a inuwar ofis.

"Baba, halas, an gama, motarka ta shiga. Kuma mun yi maka ɗan alheri na sallama, ba sai ka biya komai ba. Ilya ya gyara maka mita. Yanzu duk wanda ya leƙa a Kumasi zai ce yarinya ce."

Baba Seidu ya ajiye ledar a kan benci. "Ya gyara me?"

"Mita, Baba. Ta yi nauyi da yawa. An maido ta dubu ɗari da wani abu."

Dattijon ya zauna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Oga, wa ya ce maka sayarwa zan yi?"

Oga Habu ya dube ni, na dubi ƙasa. Gaskiya ita ce babu wanda ya faɗa, kuma babu wanda ya tambaya.

Sannan ne Baba Seidu ya gaya mana abin da yake shiryawa. Mitar saura kaɗan ta cika kilomita dubu ɗari takwas. Tun da aka ba shi motar ya lissafa abin da ya rage, ya ga ya kusa daidai da nisan tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Kumasi. Saboda haka ya daina hawanta. Makonnin ƙarshe a bas da ƙafa ya yi zirga-zirgarsa cikin zafin Yuli, motar tana ajiye, don kada lambar ta cika a Dubai. So yake ya tuƙa ta da kansa daga bakin teku, babban ɗansa yana gefe, lambar ta juya suna shiga Zongo.

"Yaran nan sun girma ba na nan," ya ce. "Kullum a waya suna tambaya, Baba me kake yi a can? Ban gina bene ba, ban buɗe shago ba. Tuƙi na yi. Shi ne nake so su gani da idonsu."

Ilya yana tsaye a bakin ƙofa da sukundireba a aljihu. Ya ce, "Baba, wallahi ni taimako na yi. Duk motar da ta bi ta nan haka nake mata."

"Na sani, ɗana. Ban ce mugunta ka yi ba."

Oga Habu mutum ne mai saurin lissafi, na ga yana yi a fuskarsa. Mayar da lambar ba wuya ba ne, kwamfutar da ta rage ita ce za ta ƙara. Wahalar ita ce motar tana can ƙurya, an cire mata batir, mota uku sun tare ta. Sauke su da mayarwa zai ci sauran yinin, jirgi ya tafi, dillalin da ke da sauran motocin kuma ba zai saurari labarin Zongo ba. Ya ce a bari ta isa Tema, a nemi wani ɗan rewaya a can ya mayar.

"A'a," in ji Baba Seidu. "In na kai ta gida da ƙaramar lamba, na kira mutum ya ƙara a gaban yarana, me za su ce? Za su ce Baba ya sayi lamba a kasuwa. A nan aka cire, a nan za a mayar."

Direban babbar motar ya riga ya iso, yana zaune a inuwar tayarsa yana kallon agogo.

Ilya ne ya kawo mafita. Ya ce a irin wannan motar lambar tana ajiye ne a cikin allon mitar kansa, ba a cikin inji ba. Idan ya samu ya kai ga sitiyari, zai kwance allon ya fito da shi, ya gyara a kan tebur. Sai dai mayar da shi ciki da ɗaurewa zai ƙara cin lokaci, kuma ba zai iya gwadawa ba tunda babu batir.

"To kada ka mayar," in ji Baba Seidu. "Ba ni a hannu. Ni zan tafi da shi."

Oga Habu ya dubi kwantenar, ya dubi Ilya. "Yalla, shiga. In ka suma a ciki ba ni da wurin sa ka a takarda."

"Oga, in na suma ku tura ni Tema, daga can Maraɗi ba nisa."

Wanda bai taɓa shiga kwantena da rana a watan Yuli ba, ba zai gane abin da Ilya ya yi ba. Ya tuɓe riga ya cusa a ƙugu, ya ɗaura tocila a goshi, ya bi ta ɗan tsukin da ke tsakanin motoci da bango a kaikaice, ya rarrafa ƙarƙashin katakon da aka rataye ƙaramar motar. Sa'a ɗaya da aka yi, masu lodi sukan bar gilashin direba a sauke, don ta nan wanda ya shigar da motar yake fitowa. Ni aka sa na tsaya a bakin ƙofa ina kiran sunansa lokaci-lokaci don a tabbata yana amsawa. Ina jin ban taɓa ɗaga murya a filin nan kamar ranar ba. Ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya, allon yana naɗe a cikin rigarsa.

Aka rufe kwantenar, na rubuta lambar hatimi, babbar motar ta tashi a kan lokaci.

A ofis Ilya ya shanye gorar ruwa, ya jona allon da kwamfutarsa. Ya tambayi lambar. Baba Seidu ya karanto ta ɗaya bayan ɗaya kamar lambar wayar gidansa. Ilya ya buga, ya danna, lambar ta fito a kan allon. Duka bai kai tsawon shan shayi ba.

Dattijon ya daɗe yana kallonta. "Ashe haka ake rubuta ta," ya ce a hankali.

Ilya, wanda hankalinsa ya fara dawowa, ya ce, "Baba, tunda muna ciki, in cika maka miliyan? Zongo gaba ɗaya za su fito kallo."

Baba Seidu ya yi dariya, karo na farko a ranar. "Kai yaron nan ba ka jin magana. Abin da na tuƙa za ka bar mani."

Muka naɗe allon da soso da kwali. Oga Habu ya ce in rubuta wa Baba Seidu 'yar takardar shaida cewa kayan motarsa ne, saboda masu binciken filin jirgi. Dattijon ya sa allon a jakar hannu, ya ce ba zai bari a jefa shi cikin kaya ba. Ya raba mana dabinon, ya ce "Medaase," wato na gode da harshen Twi, ya tafi tashar jirgin ƙasa na metro.

Bayan kamar wata biyu saƙon murya daga Baba Seidu ya shigo wayar ofis. Motar ta isa, an ɗaura allon a Tema, ya tashi lafiya. Amma lambar ba ta cika a Zongo ba. Sun ratse cikin Accra gaida wata ƙanwarsa, wannan ratsen ya cinye lissafin. A Ejisu ta juya, kafin a shiga Kumasi, gaban wata mai sayar da doya. Ya ce ya gangara gefen titi, shi da ɗansa suka zauna suna kallonta har mai doyar ta zo ta tambaya ko motar ce ta lalace. Ɗan ne ya ba ta amsa. Ya ce mata wannan motar ba ta lalacewa, babansa ne ya tuƙa ta tun daga sifiri. A muryar Baba Seidu ban ji alamar ratsen ya dame shi ba.

Ba zan ce muku filin ya daina juya mita ba, don kun san bai daina ba, kuma ra'ayina a kan hakan ban ɓoye wa Oga Habu ba. Abin da ya canza kaɗan ne. A wannan sana'a mota tana shigowa ta ƙofa sai mu ga kaya, mu fara tunanin wanda zai saya, har mu manta da wanda ya kawo. Yawanci hakan daidai yake fitowa, shi ya sa ba ma lura. Amma cikin masu kawo mana mota akwai direbobi da masu gadi da ma'aikatan gida da suka ƙare zamansu, kuma abin da suke turawa ba na kasuwa ba ne. Tun daga ranar, kafin in karɓi makulli a hannun kowa, nakan ɗaga kai daga takarda in tambaye shi, ta sayarwa ce ko ta gida. Idan ya ce ta gida ce, Ilya ba ya taɓa ta sai ya ji daga bakin mai ita.