Gaɗar Iyaye a Ƙofar Zaure

Ana kiran assalatu muka bar unguwar Kalley ta Yamai, ni da ɗiyata mai shekara goma sha huɗu. Na rufe shagon ɗinki na bar masu kaya da haƙuri, don na daɗe ina yi mata alkawarin kai ta garinmu, bayan Dogon Dutsi, ta ga dandalin da uwarta marigayiya ta yi gaɗa. A Yamai aka haife ta, Zabarmanci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma ba ta tuna ko muryar uwar ba. Da gangan na zaɓi farin wata.

Hanyar gudron ta yi kyau har Dosso, daga nan ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. A kowane shinge sai jandarma sun duba katin ɗan ƙasa. A tashar Dosso na sayi dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, na ɗari biyar, ɗan abin da ko kaza ba za ta gode ba. A zamaninmu da wannan kuɗi sai ka gayyato maƙwabci.

Da la'asar muka isa. Yayata ta tarbe mu da fura mai sanyi, ba mu gama sha ba ta sare mini gwiwa. Tun da ɓarayin babura suka dami yankin, maigari da dattawa suka sa doka: an idar da isha'i, duk saurayi da budurwa su shige gida. Wanda aka kama, ubansa ne zai share kasuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, makaɗin da ke sanar da lokacin abokina ne na ƙuruciya. Kalangun da ya riƙa fito da mu dandali, shi ne yanzu ke kora yara gida.

Kafin magariba na kai yarinyar ta ga wurin. Gawon da ke tsakiyar dandalin yana nan, amma an ɗaure jakuna inda 'yan mata ke jeruwa. Na nuna mata inda uwarta ke tsayawa tana bayar da waƙa, ni kuwa ina raɓe da tocila marar batir ina ta taƙama. Ta dubi kashin jakuna ta ce, "Baba, nan ne ke nan?" Wallahi kunya ta kama ni.

Bayan isha'i kalangu ya yi kuka, gari ya yi tsit, ga wata tar kamar rana. Muna zaune jugum sai muka ji tafi a ƙofar gida. Ashe yayata ta zaga ta gaya wa ƙawayen marigayiya, mata masu jikoki. Abokina makaɗi ya rugo zai hana, babbarsu ta ce masa, "Kai, tsaya nan! Doka ta ce budurwa. Wa ka gani budurwa cikinmu?" Sai ya gyara ratayar kalangu ya bi su da kiɗa.

Ɗiyata ta tsaya daga cikin zaure, ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Matan suna faɗawa baya ana tarbe su da ƙyar, ana nishi ana dariya. Da suka ɗauko waƙar da uwarta ke bayarwa, sai suka bar gurbinta, ba wadda ta karɓa. Babbarsu ta faɗa wa yarinyar kalmomin, yarinyar ta bayar da waƙar, suka amsa. Ni dai na juya fuskata bango.

Kwana biyu muka yi muka juyo. Ban ga laifin dokar ba, duk uba yana son ɗansa ya kwana lafiya, sai dai na tausaya wa yaran da wata ke fitowa ba su gani. Da muka shigo Yamai, fitilu ko'ina, matasa cike da fada, majalisarsu ta bakin titi, suna shan shayi, ɗiyata ba ta ko kalle su ba. Tana ta tafa gwiwarta a hankali, tana maimaita waƙar don kada ta ɓace mata kafin mu isa gida.