Mai Zaren Saƙa a Winton

Firijin tsohuwar motar kwanansu ya mutu a garin Winton, allurar ciwon sugan mijin Narelle na ciki, ga rana ta ƙwalle. Wata tsohuwa daga motar kusa ta shigo taimako, tana kwance ƙarƙashin kujera inda wayoyin suke, gwiwoyinta duk tabo.

"'Yar nan, wane sakarai ne ya sa wayoyin nan duk ja?" in ji ta.

Tana bin kowace waya da yatsa, tana ɗaura mata zaren saƙa mai launi daban. Wannan hannun, a zaton Narelle, ya daɗe a lantarkin mahaƙar ma'adinai. Tsohuwar ta kankare tsatsar wata waya da wuƙar burodi, sai firiji ya fara gurnani.

"Shuɗin ne na firiji. Riƙe wannan a ka, gobe ba na nan."

Narelle za ta tambayi sunanta, kuka ya riga ta.