Kurman Lahadi

Ranar Lahadi, goma sha shida ga watan Yuni, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, Allah ya karɓi ran Baba Mai Agogo a hanyar kai shi asibiti. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Ya bar matarsa, wadda duk layinmu ke kira Mama, da 'ya'ya biyar da jikoki masu yawa. An binne shi ranar Laraba bayan Misa, wato sujadar cocinmu. Ni ne kafintan da bango ɗaya ya raba shagona da nasa, kuma ni ne na ƙarshe da ya yi wa magana a duniya. Tun daga ranar na kasa aiki, ko ƙusa na ɗauka sai ta suɓuce. Shi ya sa na ajiye guduma na ɗauki biro.

Baba, shekara goma sha takwas muna maƙwabtaka. Kai kana zaune da gilashi maƙale a ido ɗaya da ɗan hantsaki a hannu, ni ina cika maka kunne da ƙarar zarto, amma ban taɓa jin ka yi tsaki ba. Iyakarta ka leƙo ka ce, “Kafinta, ka bar wa agogunan nan dama su ji kansu mana.” Baftisma tun ina jariri aka yi mini, amma a wurinka na koyi cewa addini yana bin mutum har wurin aiki. Sha biyu na bugawa kake ajiye hantsaki ka miƙe ka yi addu'ar tsakar rana, ko da mai agogo yana tsaye a kanka yana sauri. Da na ce maka ba na iya jan rosari, carbinmu na addu'a, saboda hannuna kullum a cikin aiki yake, sai ka ƙirgo ƙusa goma daga gwangwanina ka zuba mini a aljihun dama. Ka ce duk gaisuwar Maryamu ɗaya in mayar da ƙusa ɗaya aljihun hagu. Matata ta sha yi mini faɗa a kan aljihunan da suka huje. Lokacin da ta kwanta asibiti wata guda, kai ne ka riƙa ɗauko yarana daga makaranta, su zauna a shagonka suna yin aikin gida, Mama tana aiko musu da abinci.

Amma garin nan ba da wannan ya fi saninka ba. Kurman Lahadi suke ce maka. Shekara ashirin da biyu ke nan da coci ta ɗora maka aikin kai wa marasa lafiya Jikin Kristi har gida. In an tashi Misa, Fada, limamin cocinmu, zai sa tsarkakakkiyar gurasar a cikin wata 'yar batta mai ruwan zinariya, wadda ba ta fi agogon aljihu girma ba. Kai kuma ka sa ta a jakar fata, ka rataya a wuya ta cikin riga, ka dafe da hannun dama, ka kama hanya. Daga nan bakinka ya rufe ke nan. Mai shago ya gaishe ka, shiru. Tsohon abokinka ya ɗaga maka hannu, sai dai ka ɗan sunkuyar da kai. Waɗanda ba su sani ba suka ce girman kai ne, wasu suka ce kunne ne ya fara tafiya. Na taɓa tambayarka dalili, ka ce, “In kana rakiyar babban baƙo, ba ka barinsa tsaye a titi kana tambayar lafiyar iyalin wani.”

Ranar Litinin kuma da safe, kafin ka buɗe shago, sai ka bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. “Jiya ka gaishe ni, na zo amsawa. Lafiya lau, ya iyali?” Ba ka manta kowa, har mai sayar da ruwa a bakin famfo. Mutanen da ko ƙofar coci ba su taɓa takawa ba sun zo jana'izarka saboda wannan.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake ina zargin ka sani. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muna aikin wani bene, ni ne na gitta katakan da magina ke takawa a sama. Ɗaya daga cikinsu yana da tsaga. Na gan ta da idona, na juya ta ƙasa don kada a gani, saboda ana hanzari kuma na ji ƙyuyar sauka in ɗauko wani. Abokin aikina, wanda muke kira Birkila, shi ya taka. Ya faɗo daga hawa na biyu, bayansa ya karye, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Kowa ya ce tsautsayi ne, ni ma na ce tsautsayi ne. Tun daga lokacin ban sake zuwa furta zunubi wurin Fada ba, ban kuma sake karɓar Jikin Kristi ba. In mutane suka tashi layi, sai in sunkuya ina taɓa ƙafar benci kamar mai duba gyara. Abin dariya, ni aka ba aikin sabunta katakon da ake durƙusawa a ɗakin furta zunubi. Ni na zaɓe shi, na goge shi, na buga masa ƙusa, amma gwiwata ba ta taɓa saninsa ba.

Shekara uku da suka wuce, da hawan jini ya fara damunka, Mama ta ce ba za ka ƙara yawon Lahadi kai kaɗai ba. Ga mutanen kirki cike da coci, sai ka ce kafinta kake so. Gabana ya faɗi, domin na san gida na ƙarshe a zagayenka gidan Birkila ne. Ban iya ce maka a'a ba. Haka na riƙa binka taku ɗaya a baya, ina riƙe maka lema, ina jin tsoron 'yar battar nan fiye da yadda na taɓa jin tsoron kowane mahaluƙi. Gidan makauniyar tsohuwa ina shiga. Gidan malamin makarantar da ɓarin jikinsa ya shanye ina shiga. In muka iso na Birkila sai in toge a bakin labule, in ce ɗakin ƙarami ne. Ba ka taɓa matsa mini ba. Sau ɗaya kawai, wata Asabar da kake rufe shago za ka tafi furta zunubi, ka ce, “Kafinta, zo mu je tare.” Na ce ina da aikin ƙofa. Ka dube ni ta saman gilashi ka ce, “Ni dai tun da nake ban taɓa gyara agogo ba sai na buɗe bayansa.” Na yi dariya, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Lahadin nan mun gama gida biyu, saura na Birkila. Rana ta take, muna dab da kwanar kantin magani, sai na ga tafiyarka ta canza. Ka dafa bango, ka zame a hankali har ka zauna a ƙasa. Gumi ya jiƙa maka riga, leɓunanka suka yi fari. Hannunka na dama yana nan a ƙirji, na kasa gane ko zuciyar kake dafewa ko battar. Mutane suka taru, mai kantin ya fito da gudu, wani ya tsayar da mota. Kafin a ɗaga ka, sai ka ciro igiyar daga wuyanka da kyar, ka jawo kwalar rigata, ka rataya mini. A shekara ashirin da biyu, ranar ce ka fara magana a kan hanya.

“Kai masa,” ka ce.

“Baba, ba zan iya ba. Ni ban cancanta in taɓa ba.”

“Na sani. Kai masa.”

Aka sa ka a mota, mai kantin ya shiga tare da kai, suka tafi. Aka bar ni a tsakiyar titi da lema a hannu da Ubangiji a wuya. Ban san yadda zan kwatanta wannan tsoron ba. Battar ba ta da nauyi ko kaɗan, amma ta fi mini kowane katako nauyi. Na ji kamar kowa yana ganin cikina. Na kira Fada, yana wata ƙaramar coci a bayan gari, bai daɗe da gama Misa ta biyu ba. Ya ce, “Tana wuyanka? To kada ka buɗe, kada ka tsaya surutu. Kai ta gidan Birkila, ka ajiye a kan tebur, ka zauna a wurin. Ina zuwa.”

Na dafe ƙirji kamar yadda kake yi, na kama hanya. Ban yi nisa ba sai ga surukina, mahaifin matata, zaune a ƙofar wani shago. Mutumin da ko daga nesa na hango sai na rusuna. Ya kira ni sau biyu, na sunkuyar da kai na wuce, hawaye yana zuba. A nan na fara gane abin da ka sha shekara da shekaru.

Matar Birkila ta riga ta shimfiɗa farin mayafi a kan tebur, ta kunna kyandir, ta ajiye gicciye da kofin ruwa. Na ɗaga labulen da na saba tsayawa a bayansa, na shiga. Na ajiye jakar, na durƙusa. Birkila yana kwance a rigingine, ƙafafunsa sun rame ƙarƙashin zane har kamar ba su. Ya ce, “Ina Baba?” Na gaya masa. Matarsa ta fita neman labari, aka bar mu mu biyu da battar, da wani agogon bango da ka taɓa ba shi yana ta bugawa. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci babbar 'yarka ta kira ni tana kuka.

Baba, ba baƙin ciki ne ya fara kama ni ba, tsoro ne. Kai da ka furta zunubinka jiya-jiya, an ɗauke ka a bakin titi ba sallama. To da ni ne fa? Da wane baki zan tsaya? Na dubi battar, na dubi mutumin da ke kwance, sai na ji in na fita ɗakin nan da maganar a cikina, ƙila ba za a sake ba ni wata dama ba. Na ce, “Birkila, katakon nan yana da tsaga. Na gani. Ni na juya ta ƙasa.”

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ina jiran ya yi ihu, ko ya tsine mini, da ma hakan ya fi mini sauƙi. Can ya ce, “Na ji ƙararsa kafin ya karye. Har yanzu ina jin ta.” Sannan ya ce, “Tashi ka gyara kyandir ɗin nan, yana ɗiga a kan mayafi.”

Fada ya iso, ya yi addu'a, ya ba shi Jikin Kristi, na ƙarshe da ka ɗauko. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, bakina a rufe. Za mu fita Birkila ya tambayi wanda zai kawo masa Lahadi mai zuwa. Fada ya ce za a samu wani. Sai Birkila ya ce, “Ko wane ne, kafinta ya rako shi. Kuma ka riƙa shigowa ciki. Shekara uku ina kallon inuwarka a labule, na gaji.”

Bai ce ya yafe ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Matarsa ba ta ji ba tukuna, ita da ta yi shekara goma sha ɗaya tana juya shi tana wanke shi. Ina tsoron idonta ranar Lahadi. Ranar Litinin na je na amsa gaisuwar surukina kamar yadda kake yi. Ya ce, “Ashe kurumtar gado ce,” sannan ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyya. Yau Juma'a. Gobe ƙarfe huɗu Fada zai zauna jin furta zunubi, kuma na gaya masa ina zuwa, don kada in sami hanyar zillewa. Katakon durƙuson kam na san zai ɗauke ni, ni na zaɓe shi, ba shi da tsaga.

Mama, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya. Ke kika nemi a ba shi ɗan rakiya, ki gafarce ni da ban iya dawo miki da shi gida ba. 'Ya'yan Baba da jikokinsa, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya haɗa kanku, ya sa ku gaji halinsa. Marasa lafiyan da suka saba jin takunsa a ƙofa, Allah ya aiko muku da wani mai irin amanarsa. Jama'ar cocinmu da maƙwabtan layinmu, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sa kada mutuwa ta same mu ba shiri.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa ta har abada cikin haskenka. Shekara ashirin da biyu ya ɗauke ka a ƙirjinsa yana bin lunguna da kai, yanzu kai ka ɗauke shi. Uwa Maryamu, ki yi masa addu'a, ki yi mini ni ma gobe.

Sauka lafiya, Baba. Na san ba za ka amsa ba, na saba. Kana tare da babban baƙonka ne.