Ranar Da Na Maƙale Malam Isa Da Sandar Fenti

Har gobe ban manta da ranar da jirgin yaƙi ya ɓata mana fenti ba. Ku da kuka same ni ina shafe gidaje da fenti a unguwar Utaibiyya ta Makka, ba ku san na taɓa yi wa tankokin yaƙi kwalliya ba, ni da ko sunana sai na yi gumi nake rubutawa.

Bayan wani aikin Hajji ne kasuwa ta yi sanyi, sai ɗan kwangilarmu ya kwashe mu daga Makka zuwa filin atisayen soja can cikin sahara. Aikin shi ne a jera matattun tankoki, mu shafe su da fari don matuƙin jirgi ya hango su daga sama. Abokin aikina Malam Isa ne, ɗalibin ilimi daga Sakkwato. Ba ya wuce dutse ko gwangwani a kan hanya sai ya sunkuya ya kawar, ya ce sadaka ce. Ni kuwa nakan jefa masa tsakuwa a gaba don in taya shi neman lada.

Ranar gwaji aka kai mu kan wani tudu mai nisa. Raƙib Salim, wato sajan masu kwance bam da ke kula da mu, ya ce, "Ya Hajji, buɗe ido. Bam ɗaya za a saki, amma ɗauke yake da 'ya'ya."

Jirgi ya saki wani abu kamar doguwar tukunyar gas. Bai kai ƙasa ba ya tsage, 'ya'yan suka watso kamar ana sheƙar gero. Filin ya kama tartsatsi daga wannan gefe zuwa wancan, sai daga baya ƙarar ta iso mu, ba ta yankewa.

Raƙib ya ce kowane ɗa yana da wutsiyar da ke juya shi ya faɗo da kai, domin ta sama ƙarfen tanka ya fi rauni. Ƙa'idar wurin ita ce masu kwance bam su fara shiga, su kafa tutoci, sannan mu bi layi ɗaya a tsakani. Da muka isa na ga hujin da ɗan bam ya yi a saman tanka. Da ƙyar yatsana biyu suka shiga, a ƙarfen da guduma ba ta ko lotsa shi. Na leƙa ciki, komai ya zama gawayi.

Muna komawa ne iska ta yaye yashi a bakin hanya, wata 'yar wutsiya ta leƙo. Malam Isa na gabana. Na ga ya tattare riga, ya ce bismillahi, ya fara sunkuyawa. Doguwar sandar fenti ce a hannuna, sai na zura ta a wuyan rigarsa na riƙe shi a haka, rabi tsaye rabi a ruku'u.

"Baba Ɗanjuma, yau ma wasan ne?"

"Malam, wannan ladan ka bar wa Raƙib."

Ya sake duban ƙasa.

Raƙib Salim bai daka tsawa ba. Ya ce mu ja baya a kan sawunmu, a hankali. Da muka koma tudu, ya cire agogonsa ya ba Malam Isa ajiya, ya taka shi kaɗai zuwa wurin. Ya daɗe a durƙushe, ya dawo yana warware doguwar wayar da zai fasa shi da ita daga nesa. Da ya tayar da abin, ƙasa ta girgiza har ƙarƙashin takalmina. Ɗa ɗaya ke nan, wanda bai kai kwalbar ruwa ba.

Na tambaye shi ko ba ya tsoro. Ya karɓi agogonsa ya ɗaura, ya ce, "Kullum. Matuƙi ya gama nasa cikin ƙiftawar ido, mu namu ba ya ƙarewa."

Na yi aiki da mutane iri-iri, amma a wurin na san akwai waɗanda sana'arsu ita ce su taka zuwa inda suka ce kowa ya ja baya. Tun ranar, in ma'aikaci ya ce min kada in taɓa, ba na tambayar dalili.